Kewar Z80, da yadda ake tayar da shi a kan teburi a Gusau

A watan Afrilun 2024 ne kamfanin Zilog ya sanar da cewa zai daina ƙera Z80, aisi (IC) ɗin nan mai ƙafa 40, ƙwaƙwalwar ƙananan kwamfutoci, da ya fara fitarwa tun 1976. Shekara 48 ana buga abu guda, ƙafafunsa ba su sauya gurbi ba, umarnin da yake ji na nan yadda Federico Faggin da Masatoshi Shima suka tsara su. Mai sayen waya ba ruwansa da wannan labari. Amma wanda ya taɓa kwana a kan Z80 da mita a hannu, yana bin wayoyi ɗaya bayan ɗaya don gano inda wuta ta maƙale, zai ji abin a ransa kamar an ce masa an rushe makarantar allon unguwarsu.

Kwamfutocin wancan zamani a warwatse ake sayar da da dama daga cikinsu, ka kai gida ka zauna ka liƙa da kanka. Altair 8800 da ta fito a Amurka farkon 1975 bayit 256 ne kaɗai ma'adanarta. Ba ta da madannai, ba ta da allon kallo, sai jerin makunnai da ƙananan fitilu a goshinta. In za ka sa mata bayit ɗaya, sai ka ɗaga wasu makunnai cikin takwas ka sauke wasu, ka danna na ajiya, sannan ka koma kan na gaba. A shekarar ce wani aisi irin Z80 mai suna 6502 ya fito a kan dala 25, farashi ya karye, aka samu KIM-1 mai madannai kamar na kalkuleta, aka samu Apple I wadda Steve Wozniak ya rubuta mata manhajar farko cikin bayit 256 cif. A Ingila, 1981, ana sayar da ZX81 a warwatse kan fam 49.95.

Wadda ta fi burge ni a cikinsu ita ce Galaksija ta ƙasar Yugoslabiya. Shigo da kwamfuta daga waje ya yi wa talakan ƙasar wuya, sai wani injiniya, Voja Antonić, ya tsara tasa a kan Z80 a 1983, aka buga zanen a mujalla, dubban mutane suka haɗa ta a gidajensu. Har gidan rediyo a Belgired ya riƙa watsa manhajoji a matsayin sauti, mai sauraro ya sa kaset ya naɗa, ya juye a kwamfutarsa. Duk wanda ya tashi a gidan da ake ajiye kaset a bakin rediyo ana jiran a naɗi waƙa ko karatu, ya san yadda wannan zama yake.

Abin da ake kewa a waɗannan injina shi ne mutum ɗaya yana iya sanin su ciki da bai. Z80 tiransista kusan 8,500 ne a cikinsa, gurbin ajiya 65,536 yake iya kira, kowace ƙafa da sunanta da aikinta. Wayar da ke aljihunka tiransista biliyoyi ne. Masu gyaran waya a Gusau suna da hannu, za ka ga yaro ya ɗaga aisi da iska mai zafi ya mayar ba tare da ya ƙona na kusa ba, amma abin da ke gudana a cikin aisi ɗin masu ƙera shi sun rufe wa kowa. Z80 bai rufe komai ba. A ganina, ɗalibin lantarki a Ƙaura Namoda ko Talata Mafara da ya tayar da shi sau ɗaya da hannunsa, ya fahimci kwamfuta fiye da wanda ya haddace zanen akwatuna da kibiyoyi don jarrabawa.

To, ga yadda ake yi.

Nemi Z80 na zubin CMOS, wanda lambarsa ta fara da Z84C00. Tsohon zubi, NMOS, mai lamba Z8400 ko Z08400, ba a yi shi don tafiyar hawainiya ba, in bugun agogo ya yi ƙasa sosai yana iya mance abin da ke cikinsa. Na CMOS kuwa ko ka tsayar da shi ka tafi sallah ka dawo, yana nan inda ka bar shi. Sai ma'adana biyu: 28C256 wadda ba ta mantuwa in an ɗauke wuta, da 62256 ta aikin yau da kullum, kowacce bayit 32,768. Sai 555 ɗaya, 74HCT14, 74HCT32, 74HCT574, fitilun LED sha shida, rizista 1k da 10k kamar ashirin-ashirin, kwandensa mai lamba 104 a jiki guda goma, da allon gwaji mai ramuka guda uku. Rizista da kwandensa da 555 ana samun su wajen masu sayar da kayan gyaran rediyo da talabijin. Manyan aisi ɗin galibi sai an yi oda daga Kano ko Legas ko ta intanet, ko a dace da su a tsofaffin allunan firinta da kwamfuta wajen 'yan gwangwan.

Wuta ce ke fara kashe wa mutane gwiwa. Bolt 5 ake so, ba ƙari. Ya haura 7, aisi ya tafi ke nan. Cajar waya mai kyau ta isa, amma a auna ta da mita kafin a jona. Fawa bank yana da hali guda: in abin da aka jona masa ba ya jan wuta da yawa, sai ya ɗauka an gama caji ya kashe kansa, kai kuma ka shiga neman laifi a wayoyinka. Mai amfani da batirin sola na bolt 12 zai sa 7805, mai rage wuta zuwa bolt 5, a tsakani, sai dai ya yi lissafi. Bolt 7 ɗin da ya rage zafi yake zama. In allon na jan miliamfa 200, wat 1.4 ke nan, kuma 7805 da ba a ɗaura masa ƙarfen shan zafi ba yana hawa digiri 50 ko fiye a kan kowane wat. Haɗa da zafin Gusau na watan Afrilu, digiri 40, ka ga ya wuce tafasar ruwa. Alamarsa ita ce inji ya yi aiki minti kaɗan ya mutu, ya huce ya dawo. A ɗaura masa guntun alminiyom da kusa mai zare. Kowane aisi kuma a sa masa kwandensa 104 tsakanin ƙafar wuta da ta nagatib, dab da jikinsa, ba can nesa ba.

Hunturu ma da nasa. In iska ta bushe, jiki yana tara wutar nan da ke ba mutum tas in ya taɓa ƙofar mota, kuma ita kaɗai ta isa ta huda cikin aisi na CMOS ba tare da ka ga ko hayaƙi ba. Kada a yi aikin a kan kafet ko tabarmar roba, a yi a teburin katako. A taɓa ƙarfen taga ko famfo kafin a ɗauki aisi, a kuma riƙe shi ta gefe. In an zo liƙi da dalma, ayon mai arha wanda ba shi da wayar ƙasa yana iya yoyon wuta ta bakinsa, gara a bar shi ya yi zafi a zare shi daga soket sannan a taɓa ƙafar. Dalmar kanta kada a riƙe ta da baki, kuma a wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci. Mu a Zamfara ba sai an yi mana dogon bayani ba, mun ga abin da gubar dalma ta yi wa yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010.

Kada ka haɗa komai gaba ɗaya. Fara da Z80 shi kaɗai, ba ma'adana. Ƙafa ta 11 zuwa bolt 5, ta 29 zuwa nagatib. Ƙafafu huɗu, 16 da 17 da 24 da 25, kowacce a ja ta sama da 10k. Waɗannan ƙofofi ne da ake katse masa aiki ta nan, kuma in aka bar ɗaya tana reto ba a jone ba, ko hannu ka kawo kusa sai ya tsaya ko ya yi tsalle. Ƙafa ta 26 ita ce ta sake farawa: 10k zuwa sama, da maɓalli zuwa nagatib.

Agogo kuma 555 ne. Rizista 1k da 100k da kwandensa maikro 1 suna ba da bugu 7 a sakan. Akwai tarko a nan. Ƙafa ta 6 ta Z80 tana son bugu ya kai kusan bolt 4.4 kafin ta yarda an buga, shi kuwa 555 na gama-gari bolt 3 da rabi yake kaiwa. Shi ya sa ake bi da bugun ta cikin 74HCT14 tukuna, ya miƙe ya cika sannan ya shiga.

Yanzu dabarar. A harshen Z80, bayit 00 yana nufin kada ka yi komai, wuce gaba. Saboda haka in ka ja ƙafafun bayanai takwas (7, 8, 9, 10, 12, 13, 14 da 15) zuwa nagatib, kowacce ta cikin 10k, duk gurbin da ya leƙa 00 zai gani, sai ya yi ta wucewa yana ƙirga adireshi. Ta cikin rizista za a bi, ba waya kai tsaye ba, don in ya rikice ya yi yunƙurin rubutu kada ƙafar ta ƙone. Jera fitilu takwas a ƙafafun adireshi, 30 zuwa 37, kowacce da 1k. Kunna wuta, danna maɓallin sake farawa ka riƙe sakan guda cur, domin yana buƙatar aƙalla bugu uku yana danne, kuma a wannan tafiya bugu uku kusan rabin sakan ne. Ka saki.

Fitilar farko za ta kama ta mutu, ta kama ta mutu. Ta biyu tana bin ta da rabin sauri, ta uku da rabin na ta biyu. Kowane mataki bugu huɗu ne. Abin da kake kallo ƙwaƙwalwar kwamfuta ce tana ƙirge a gabanka, a saurin da ido zai bi. Bayan minti ɗaya da 'yan sakanni fitila ta takwas za ta kama, kuma za ka ga tana ƙyaftawa. Ba lalacewa ba ce. A rabin ƙarshe na kowane mataki Z80 yana fitar da wata lamba daban a layin adireshi don farfaɗo da irin ma'adanar da ke zubar da abin da ta riƙe, kuma wannan hidima da yake yi kyauta tana cikin abin da ya sa masu haɗa kwamfuta mai arha suka rungume shi.

In fitilu ba su motsa ba, mita za ta gaya maka. Duba bolt 5 a kan ƙafar aisi ɗin kanta, ba a bakin caja ba, don layin wuta na wasu allunan gwaji a yanke yake a tsakiya. Duba ko allurar mita na rawa a ƙafa ta 6. Duba 24 da 25 ko suna sama. Ƙurar hunturu ma tana shiga ramukan allo, shi ya sa ake rufe shi da ƙyalle in an tashi.

Sa ma'adana shi ne inda haƙuri ke ƙarewa, domin waya ta kusa hamsin. Rabon gida mai sauƙi ne: layin adireshi na ƙarshe, A15 a ƙafa ta 5, shi ne alƙali. In yana ƙasa, 28C256 ce ke magana, daga 0000 zuwa 7FFF a ƙirgar sha shida, wadda ake rubutawa da 0 zuwa 9 sannan A zuwa F. In yana sama, 62256 ce, daga 8000 zuwa FFFF. A15 da ƙafa ta 19 ta Z80, wadda ke nuna yana neman ma'adana, su shiga ƙofa ɗaya ta 74HCT32, abin da ya fito ya tafi ƙafa ta 20 ta 28C256. Ita kuma 62256, a juya A15 ta cikin 74HCT14 tukuna sannan a yi mata haka. Ƙafar karatu ta Z80, ta 21, ta tafi ƙafa ta 22 ta kowacce. Ƙafar rubutu, ta 22, ta tafi ƙafa ta 27 ta 62256 kaɗai. Ta 27 ɗin 28C256 a ɗaure ta da bolt 5 don kada a goge ta bisa kuskure.

A kula da ƙafafun bayanai, domin a jikin Z80 ba a jere suke ba. D0 tana 14, D1 tana 15, D2 tana 12, D3 tana 8, D4 tana 7, D5 tana 9, D6 tana 10, D7 tana 13. In ka musanya biyu a 62256 ba abin da zai faru, yadda aka ajiye a karkace haka za a ɗauko a karkace ya miƙe. A 28C256 kuwa masifa ce. Musanya D0 da D1 kawai, sai 3E ya zama 3D, umarnin ɗauko lamba ya koma na rage ɗaya, duk abin da ya biyo baya ya watse. Wanda kuma ya tsinci 27C256 mai tagar gilashi a kayan gwangwan, ya sani ƙafafunta biyu sun saɓa: ta 27 ce A14, ta 1 kuma ta wutar rubutu ce. Hasken fitila ta musamman ke goge ta cikin minti 20, hasken rana kai tsaye kuwa wajen mako guda yake ɗauka, don haka a liƙe tagar da takarda bayan an rubuta.

Hanyar fita ita ce 74HCT574. Ƙafafu 20 da 22 na Z80 su haɗu a wata ƙofar 74HCT32, ta tafi ƙafa ta 11 ta 574. Ƙafarsa ta 1 zuwa nagatib, layin bayanai zuwa 2 har 9, fitilu takwas a 19 har 12.

Sai rubutu. Lambobin nan a ƙirgar sha shida suke, daga 0 zuwa 9 sannan A zuwa F. Ba a buƙatar wata manhaja, biro da takarda sun isa:

0000: 3E 01, sa 1 a rijistar A, ƙaramin gurbin ajiya a cikin Z80
0002: D3 00, fitar da A zuwa fitilu
0004: 07, murza A taki ɗaya hagu
0005: 18 FB, koma 0002

Bayit bakwai ke nan. FB ɗin can shi ne wurin da kowa ke tuntuɓe. Tsallen ba daga 0005 ake ƙirga shi ba, daga 0007 ne, domin kafin Z80 ya yi tsalle ya riga ya karanta bayit biyun. Daga 7 zuwa 2 taki biyar ne baya, kuma biyar baya a bayit ɗaya shi ne 256 a cire 5, wato 251, wato FB. In ka sa FD, zai koma 0004 ya yi ta murza A a ɓoye, fitila ɗaya ta kama ta tsaya cak.

Ana zuba su a 28C256 da na'urar rubutu irin TL866, ko da Arduino da 74HC595 biyu. A ba kowane rubutu sakan ɗaya bisa ɗari ya zauna, kuma a karanta a tabbatar, don wasu suna zuwa da kullen kariya a kunne, ka yi ta rubutu ba ya shiga. Alamar ma'adanar da ba komai a ciki sananniya ce. Ko'ina FF ne, kuma FF a wajen Z80 umarni ne na tafiya 0038. Can ma FF zai tarar, sai ya yi ta zagaye a wurin, ƙafar rubutu na ƙyaftawa. In ka ga fitilun adireshi suna yawan dawowa kan 38, kada ka taɓa waya ko ɗaya, koma ka duba rubutunka.

Sauya kwandensan 555 zuwa 104, bugu ya koma wajen 70 a sakan. Zagaye ɗaya bugu 27 ne: 11 na fitarwa, 4 na murzawa, 12 na tsalle. Za ka ga haske ɗaya yana taka fitilu daga wannan gefe zuwa wancan, ya zagayo. Bayan haka cire 555 ka sa agogon kiristal mai rufin gwangwani, mai bugu miliyan 4 a sakan. Duk fitilu takwas za su kama dishi-dishi lokaci guda, saboda zagayen ya zama sau 148,000 a sakan. Dole a koya masa jira:

0000: 31 00 00, 3E 01
0005: D3 00, CD 0D 00, 07, 18 F8
000D: F5, 01 00 00
0011: 0B, 78, B1, 20 FB
0016: F1, C9

Daga 0011 yana rage BC, wato rijistocin B da C a haɗe, ɗaya-ɗaya har sau 65,536, kowane zagaye bugu 26, jimilla bugu miliyan 1.7, ƙasa da rabin sakan kaɗan. Me ya kawo 78 da B1? Umarnin rage BC ba ya ɗaga tutar sifili, sai an kwaso B an gauraya da C a cikin A sannan a san ko an kai. Wannan kuma yana ɓata A, inda haskenmu yake, shi ya sa F5 ke ajiye shi a tari, wato wurin ajiyar wucin gadi a cikin 62256, F1 ya dawo da shi. Adireshi kuma a juye ake rubuta shi, ƙaramin rabi a gaba: CD 0D 00 yana nufin kira 000D. Bayit ukun farko su ne ke nuna masa inda tarin yake, ajiyar farko ta faɗa FFFF ta gangaro. Nan ne 62256 ke fara aiki. In akwai waya ɗaya da ba daidai ba a jikinta, shirin bayit bakwai ba zai nuna ba, amma wannan zai je jira ya kasa gane hanyar dawowa.

Saura maganar jabu, wadda ta ƙara muhimmanci tun da aka daina ƙerawa. Ana goge tsohon NMOS a buga masa lambar Z84C0020 a sayar. Ruwan goge farce a auduga wani lokaci yana ɗaga sabon fentin. Mita ta fi gaskiya: a gwajin 00 na farko, ba tare da fitilu ba, na CMOS abin da yake ja bai taka kara ya karya ba, NMOS kuwa yana shan miliamfa wajen ɗari ko da agogo na rarrafe, kuma bayansa na ɗumi. Akwai kuma wani umarni, ED 71, da ba a sa shi a littafin kamfani ba, kowane zubi da yadda yake amsa shi. Mayar da 555, ka rubuta 3E 55, D3 00, ED 71, 76. Fitilu za su fara kamawa ɗaya a kunne ɗaya a kashe. Bayan bugu 12, in duka takwas suka mutu, NMOS aka sayar maka. In duka takwas suka kama, na CMOS ne na gaske.